Daga Méribel Zuwa Val Thorens a Yini Ɗaya: Fara Lissafi Daga Komowa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Lyon, hunturu biyu ke nan ina koyon zamiyar ƙanƙara a ƙananan wurare kusa da Grenoble. Shuɗiyar hanya, wato mai sauƙin gangare, ina sauka lafiya lau, ja kuma da ta fi ta wuya sai da lallaɓawa. A watan Janairu mu huɗu za mu je Méribel, a yankin zamiya na Kwaruruka Uku a Faransa, amma yini ɗaya kacal za mu samu cikakke a kan dutse. Ɗayanmu bai taɓa sa takalmin zamiya ba. Muna so mu taka kwaruruka ukun duka. Yaya za mu tsara ranar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hunturu bakwai na yi ina aiki a shagon hayar kayan zamiya a wannan yanki, ranakun hutuna kuma a kan dutsen nake ƙarar da su, don haka abin da zan faɗa maka daga gani ne da kuma shan wuya.

Kafin komai, ka ajiye taswirar nan mai launi-launi da kake ta kallo a waya, ka nemi amsar tambaya ɗaya: ƙarfe nawa ake rufe lifta ta ƙarshe, wato motar igiya mai kai mutane kan dutse, da za ta maido ku kwarin da kuka kwana? Daga wannan lokacin za ka fara tsara yininka, kana lissafi da baya-baya har ka iso safiya. Yawancin baƙi daga safiya suke farawa, su jera ƙololuwan da suke son hawa, sai yamma ta riske su a wani kwari daban.

Ga dalilin. Les 3 Vallées, wato Kwaruruka Uku, a jihar Savoie ta Faransa yake, kuma hanyoyin zamiyarsa sun kai kilomita 600. Kwaruruka ne dogaye kwance kusa da juna kamar yatsun hannu. Courchevel na gabas, Méribel na tsakiya, kwarin Belleville na yamma, wanda ya ƙunshi Saint-Martin, Les Menuires da Val Thorens can ƙarshensa. Bayan Val Thorens ma akwai na huɗu, ɓangaren Orelle, duk da sunan bai lissafa shi ba. A sama, ta doron duwatsu, lifta ce ke haɗa su, ka tsallaka cikin mintuna. A ƙasa kuwa babu titin mota da ya ratsa daga kwarin Belleville zuwa na Méribel a lokacin hunturu. Duk wanda lifta ta rufe masa a can, sai mota ta gangara da shi har garin Moûtiers a gindin duwatsun, sannan ta sake hawa ɗaya kwarin. Daga Val Thorens zuwa Moûtiers kusan kilomita 37 ne, daga Moûtiers zuwa Méribel kusan 18, duk hanya ce mai kwana-kwana. Motocin bas na kyauta da za ka gani suna yawo, cikin kwarinsu kawai suke zirga-zirga, ba sa tsallakawa.

Ni kaina ta taɓa ci da ni a shekarata ta farko. Na tsaya shan shayi a Val Thorens ina ganin akwai sauran rana, na iso gindin lifta na tarar ma'aikacin yana jan igiyar rufewa. Na roƙe shi, ya nuna mini agogo kawai. Kuɗin tasin da na biya a daren nan ya cinye kusan rabin abin da na samu a makon, ga shi na shiga motar da takalman zamiya a ƙafa, babu wasu na sauyawa.

A Janairu ana buɗe lifta wajen ƙarfe 9 na safe, a rufe yawancinsu tsakanin 4 da 5 na yamma. Waɗanda ke haɗa kwari da kwari sukan riga sauran rufewa, kuma wani lokaci lifta biyu za ka hau a jere kafin ka kai mashigin, don haka lokacin ta farkon ne ya dame ka. Ana rubuta lokutan a allunan da ke gindin manyan lifta da kuma manhajar wurin. Ka duba da idonka ranar, kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka bara. Idan ka ga lokacin, ka cire awa ɗaya daga ciki, wannan shi ne naka lokacin. Awar nan ta layi ce, da faɗuwa, da neman sandar da ta suɓuce, da abokin da ya bi wata hanya daban.

Sa'ar da kuka yi ita ce kwana a Méribel. Kuna tsakiya, doro ɗaya ne tsakaninku da kowane ɓangare. Wanda ya kwana a Courchevel ya tafi Val Thorens, doro biyu zai tsallaka kafin ya ga gida.

Yanzu maganar abokinku sabon shiga, domin ita ce ta fi nauyi a tambayarka, ko da yake a ƙarshe ka sako ta. Kada ku tsallaka kwaruruka da shi. Na san abin da kunya, kun zo tare, amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mutumin da bai iya tsayawa ba, bai iya juyawa ba, idan ka kai shi mashigin da ya kusa mita 3,000 a sama, babu hanyar saukowa sai ta ƙafafunsa, kuma za ku shafe awa biyu a gangaren da ya kamata ku yi cikin minti 15, shi yana kuka a zuci ku kuna cizon yatsa. Ku yi masa rajista da makarantar koyarwa tun kafin ku zo. Mafi girma ita ce ESF, masu jajayen kaya, akwai wasu kuma masu zaman kansu. Awa biyu da malami ya fi yini guda da aboki, domin aboki ya iya yi amma bai iya faɗin yadda yake yi ba. Kada kuma ku saya masa katin hawa lifta na kwaruruka uku. Katin yini na yankin duka ya haura Yuro 70, shi kuwa filin koyo yake buƙata, inda akwai shimfiɗar da ke jan mutum sama a tsaye, wasu ma kyauta ne. Idan ya ɗan samu ƙafa da rana, ɓangaren Altiport na Méribel akwai koriyar hanya mai suna Blanchot, mai faɗi, cikin itatuwa, wadda aka yi domin irinsa. Ku yanke wuri da lokacin haɗuwa da yamma, a La Chaudanne misali, inda manyan liftocin Méribel suke tashi.

Ku ukun da suka rage ma, tafiyar ta mafi rauninku ce. Ban san su ba, amma idan kai ne mafi rauni da shuɗiyar hanyarka da jar lallaɓawa, to a kan ƙafarka za a auna komai. Launukan nan huɗu na Faransa, kore da shuɗi da ja da baƙi, daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya, kowane wuri ne ke sa wa hanyoyinsa, babu wata hukuma da ke bi da ma'auni tana daidaita su. Shuɗiyar da ka saba da ita kusa da Grenoble tana iya zama gajera, ta nan kuwa ka yi kilomita da yawa ba ka ga ƙarshenta ba. Tsawon ne ke kashe cinya, fiye da tsananin gangaren. Sannan sukan sauya launin hanya daga shekara zuwa shekara, don haka ka karɓi taswirar bana ta takarda a wurin sayar da kati, ka sa a aljihu. Sanyi na shanye batirin waya da sauri, wayar da ke kan kashi 40 tana iya mutuwa farat ɗaya. Ka ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kayan haya ku karɓe su da yammacin ranar da kuka iso, katin hawa ku saya ta intanet ko a daren. Shagon haya da ƙarfe 8 da rabi na safe kasuwa ce, kuma ma'aikacin da mutum 30 ke jira a bayanka ba zai tsaya ya gwada maka takalmi uku ba. Da yamma zai tsaya. Tunda nan ne sana'ata, bari in ɗan daɗe a kai. Takalmi ya fi katakon zamiya muhimmanci nesa ba kusa ba. Safa ɗaya tak za ka sa, doguwa, marar kauri sosai. Mutanenmu suna tsoron sanyi sai su sa biyu ko uku, jini ya kasa gudana, ƙafar ta fi yin sanyi. Kada ka cusa ƙafar wando cikin takalmin, ninkin nan zai zame maka ƙusa a ƙwauri kafin azahar. Idan ka miƙe tsaye yatsunka su ɗan taɓa gaba, idan ka durƙusa gwiwa su ja baya, diddige kuma kada ya ɗaga. Takalmin da ya yi maka daɗi kamar silifa a shago, ya yi maka yawa.

Za su tambaye ka nauyinka, tsayinka, shekarunka da matakin iyawarka. Ka faɗi gaskiya. Da waɗannan ne, haɗe da tsawon tafin takalmin, ake saita ƙarfen da ke riƙe takalmi a kan katako, domin ya sake ka idan ka faɗi. Na sha ganin samari suna ƙara wa kansu iyawa a gaban abokai. Idan aka ɗaure ƙarfen fiye da kima, ka faɗi katakon ya ƙi fita, gwiwa ce za ta murɗe a madadinsa, kuma gwiwa ita ce gaɓar da masu zamiya suka fi ji wa rauni. Hular kwano kuma ka karɓa, kuɗin hayarta kaɗan ne.

Sai inshora. A Faransa ceto a kan hanyar zamiya ba kyauta ba ne. Idan ma'aikatan ceto suka sauko da kai a kan gadon ja, za a kawo maka takardar ɗaruruwan Yuro, jirgi mai saukar ungulu kuwa ba a magana. Akwai inshorar yini da ake sayarwa tare da katin hawa, a Savoie sunanta Carré Neige, 'yan Yuro kaɗan ne. Ka duba ko katin bankinka ya riga ya ɗauke maka wannan, in ba haka ba ka saya. Lambar masu ceto na kwarin tana jikin taswira, ka adana ta, ga kuma 112.

Akwai wata magana da ba za ka ji ta a bakin Bature mai ba da shawara ba, amma mu ta shafe mu: sikila. Méribel tana kan mita 1,450, Mottaret da ke samanta a cikin kwarin 1,750, garin Val Thorens kansa 2,300, wanda ya sa ya zama wurin zamiya mafi tsayi a Turai. Don ka gane, dutsen Chappal Waddi, mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, wato kana cin abincin rana a Val Thorens kusan kana kan ƙololuwar Najeriya. Ƙololuwar Cime Caron da ke saman Val Thorens kuma ta kusa 3,200. Iskar shaƙa na raguwa a can, ga sanyi, ga aikin ƙarfi, ga ƙarancin ruwa a jiki, abubuwa huɗun da ke tayar da ciwon sikila ke nan. Idan a cikinku akwai mai SS ko SC, ya ga likitansa kafin ya sayi tikiti. Mai AS yawanci lafiya yake hawa ya sauko, amma an san cewa a wuri mai tsayi saifa na iya samun matsala ko ga mai AS. Duk wanda ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa ƙarƙashin haƙarƙari, kada a ce masa gajiya ce, a sauko da shi a nemi likita. Ga kowa kuma, daga Lyon da ba ta kai mita 200 ba zuwa sama da 3,000 cikin kwana ɗaya, ciwon kai da haki ba abin mamaki ba ne. Ku sha ruwa ko ba ku ji ƙishi ba, sanyi na ɓoye ƙishirwa.

Da safe, kafin ka ɗaure takalmi, abu uku za ka duba: iska, hazo da rana. Iska ce sarauniya. Idan ta yi ƙarfi a doron duwatsu, liftocin sama ake fara tsayarwa, kuma su ne masu haɗa kwaruruka. Ranar da ka ga an rubuta cewa mashigai na iya rufewa, ka bar maganar Val Thorens, ka yi wasanka a gida. Ko kun riga kun tsallaka, kuka ga iska na tashi da ƙanƙara a kan doro kamar hayaƙi, ku juyo nan take, kada ku jira lokacin da ke kan allo. Hazo shi ma yana da nasa hukunci. Itatuwa suna ƙarewa wajen mita 2,000, Val Thorens ba ta da ko ɗaya. Idan gajimare ya sauko a can, sama fari ƙasa fari, ba ka bambance tudu da rami, har jiri kan ɗauki mutum yana tsaye. A irin wannan rana cikin daji ake zama, a Altiport ko ɓangaren La Tania, inda duhun itatuwa ke nuna wa ido gangaren. Idan hazo ya rutsa da ku a sama, ku bi sandunan da aka kafa a gefen hanya ɗaya bayan ɗaya, kada ku bar su.

Za ka kuma ga lambar haɗarin zaftarewar ƙanƙara, daga 1 zuwa 5. Ta fi shafar masu fita wajen hanyoyin da aka shata, domin hanyoyin da aka buɗe ma'aikata sun riga sun duba su, ƙarar da za ka ji da asuba kamar ta bindiga su ne ke tayar da zaftarewa da gangan kafin jama'a su fito. Ku naku mai sauƙi ne: ba ku fita daga tsakanin sanduna, ba ku tsallake igiya ko ragar da aka rufe hanya da ita, ko da kun ga sawun wasu.

To, a ce Allah ya ba ku rana garau. Ga yadda ni zan yi. Nesa da safe, kusa da yamma. Ku kasance a gindin lifta kafin a buɗe, saboda wajen 9 da kwata 'yan makarantar koyo suke cika layi, kuma awa biyun farko su ne zinariyar yini. Da dare manyan motoci suna bi suna daɓe hanyoyin, da safe ka same su sumul da 'yan layuka kamar an taje. Zuwa azahar dubban mutane sun kankare saman, sun tara ƙanƙarar kunya-kunya kamar gonar dankali, tsakanin kunyoyin kuma santsi mai tauri. Hanya ɗaya ce, launi ɗaya, amma ta ƙarfe 9 da ta ƙarfe 3 ba su san juna ba.

Kwarin Méribel ya miƙe ne daga arewa zuwa kudu. Gefen dutsen Tougnète, wanda ke yamma, yana fuskantar gabas, shi rana ke fara bugawa. Gefen dutsen Saulire, wanda ke gabas, yana fuskantar yamma, da safe yana cikin inuwa da tauri, sai da rana yake laushi. Don haka ku fara da Tougnète, mita 2,434, ku yi sauka ɗaya a cikin hasken safiya domin jiki ya warware. Daga nan hanya biyu ce zuwa Val Thorens. Ko ku gangara ɗaya gefen zuwa Les Menuires ku hau Mont de la Chambre, ko ku sauka Mottaret ku ɗauki liftar Plattières sannan ta Côte Brune. Ni na fi son ta Mottaret ga baƙo, saboda ta nan za ku dawo, kuma yana da kyau ido ya ga hanyar gida da safe. Ka ware awa ɗaya da rabi. Ƙwararre ba ya kai haka, amma ku za ku riƙa tsayawa kuna buɗe taswira, kuna ɗaukar hoto.

Wajen 11 kuna Val Thorens. Gari ne da aka gina daga babu a farkon shekarun 1970, babu tsohon ƙauye a ƙarƙashinsa, kuma ba don kyansa ake zuwa ba, don ƙanƙararsa ce, wadda ke kai su daga ƙarshen Nuwamba har farkon Mayu. Kowa zai ce muku ku hau Cime Caron. Gaskiya kallon da ke can ya cancanci yabo, ranar da gari ya washe har Mont Blanc ake hangowa. Sai dai saukowa daga can ja ce ko baƙa, kuma layin babban akwatin da ke kai mutane kan yi tsawo. Idan jar hanya har yanzu lallaɓa ta kake yi, ko dai ka hau ka yi kallo ka dawo a cikin akwatin, babu abin kunya a ciki, ko ka bar ta sai wani zuwan. Shuɗayen hanyoyi masu faɗi da ke kewaye da garin sun ishe ku awa guda cikin jin daɗi. Orelle kuwa kada ma ku tsallaka. Wanda ya maƙale a can yana cikin kwarin Maurienne ne, zagayensa a mota ya ninka wanda na ba ka labari.

Abinci ku ci kafin 12 ko bayan 2, tsakaninsu Faransawa duka suna kan tebur. Ga naku tsarin, kafin 12 ya fi. Ku kula da girkin Savoie: tartiflette da naman alade ake yin ta, tsiran nan diots ma na alade ne, fondue kuma da farar giya ake narka cukunta. Wainar ƙwai, taliya, miyar ganye ko kifi sun fi sauƙi, kuma ka tambaya, sun saba. Farashin gidajen abinci na kan dutse yana da zafi, mu ma'aikata burodi da cuku da dabino muke sakawa a jaka, akwai ɗakunan da aka ware domin masu cin guzurinsu, taswira na nuna su. Kada ka cika ciki, ƙafa kan mutu bayan abinci mai nauyi. Sallah kuma, a Janairu azahar na shiga wajen 1 saura, la'asar wajen 3, magariba jim kaɗan bayan 5, dukkansu a matse. Ka fito da alwala daga masauki idan za ka iya riƙe ta, domin cire takalmin nan a banɗakin gidan abinci aiki ne. Daga Lyon zuwa Méribel tafiyar ta wuce ta ƙasaru, batun haɗa sallolin kuma ka ji ta bakin malaminka kafin ka taso.

Ƙarfe 1 ku juya. Na san za ka ce da wuri, amma a nan ne dabarar take. Layin komawa Méribel da Courchevel yana fara cika daga 2 da rabi, kowa ya tuna gida a lokaci ɗaya. Daga mashigin Chambre zuwa Mottaret tafiya ce mai tsawo, ƙarshenta akwai shimfiɗaɗɗen wuri da sai ka riƙe gudunka, in ba haka ba ka yi ta tura kanka da sanda. Wajen 2 ko 2 da kwata kuna Mottaret, kun dawo kwarinku, abin da ya rage duk riba ce.

A nan za ku tsaya ku tambayi cinyoyinku, kowa ya faɗi gaskiya. Idan da sauran ƙarfi, liftar Pas du Lac na tashi daga Mottaret kai tsaye zuwa Saulire, mita 2,738, ɗaya gefen kuma Courchevel ne. Gangarensa na fuskantar arewa, rana ba ta cinsa sosai, ƙanƙararsa kan riƙe kyanta har yamma. Sauka ɗaya za ku yi, ku tsaya a tsakiyar dutse inda lifta ke komawa Saulire, ba sai kun kai cikin gari ba, ku hau ku dawo kafin 3 da rabi. Kun taka kwari na uku ke nan. Ka kula a saman Saulire, akwai mashigar Grand Couloir, baƙar hanya ce da ta yi suna, kada bin ayari ya kai ka bakinta. Idan Saulire ta yi maka kwarjini, akwai Col de la Loze, mita 2,304, wanda ya fi ƙasa kuma ya fi sauƙin hali, shi ne wanda masu tseren keke na Tour de France suka hau a 2020 da 2023. Filin jirgin Courchevel mai gajeren titi a kan gangare, da wurin tsallen da aka gina a Le Praz domin gasar Olamfik ta Albertville a 1992, ku bar su sai ranar da kuka zo da kwanaki.

Idan kuwa ɗayanku ya ce ƙafarsa na rawa, a bar Courchevel. Ra'ayina ma, ga mai matakinka, kwari biyu da aka more sun fi uku da aka yi a guje ana kallon agogo. Amma na san zuciyar mai yini ɗaya, shi ya sa na bar maka ƙofar.

Wani abu game da tafiya cikin ayari: mafi rauni a tsakiya, mafi iyawa a baya domin ya tsinci wanda ya faɗi. A kowace mararraba a tsaya a jira kowa, saboda kuskuren kwana ɗaya na iya kai mutum wani gari. Ana tsayawa a gefen hanya, inda na sama zai hango ka, ba a tsakiya ko bayan tudu ba. Dokar zamiya ta duniya ta ce wanda ke gabanka a ƙasa shi ke da hanya, kai na baya kai ne za ka kauce masa, kuma kafin ka tashi daga tsayuwa ka waiga sama. Ku yanke tun da safe cewa duk wanda ya ɓace ya sauka gindin liftar da kuka hau ta ƙarshe ya jira a can.

Sanyi da rana kuma, a taƙaice. Kowane mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6, ban da iskar da ke dukanka a kan kujerar lifta. Riguna marasa kauri uku sun fi ƙatuwa ɗaya, ta jikin fata kada ta zama auduga, domin tana riƙe gumi ta huce a jikinka. Kada ka ce fatarmu ba ta ƙuna. Sabuwar ƙanƙara na maido da mafi yawan hasken rana sama, leɓe na tsagewa, ido kuwa babu ruwansa da launin fata, yini guda babu tabarau na iya sa ka kwana kana hawaye kamar an zuba maka yashi.

Saukar ƙarshe zuwa Méribel ita ce na fi tsoro a duk yinin. Daga 3 da rabi rana ta faɗa bayan doro, abin da ya narke ya fara daskarewa, hanyoyin da ke shiga gari sun cika da gajiyayyu da yara da masu gudun banza, duk a matsattsen wuri. Yawancin waɗanda na ga an dawo mana da kayansu ba tare da su ba, a wannan awar abin ya same su. Daga Saulire za ka iya shiga Saulire Express ta sauko da kai har La Chaudanne kana zaune, katinka ya biya wannan ma. Idan kuma ta Mottaret kuka biyo, akwai koriyar hanya mai suna Truite da ke bin gindin kwarin har Méribel, ko bas na kyauta.

Tunda daga Lyon za ku taso, idan da mota ne, doka ta wajabta tayoyin hunturu ko sarƙa a cikin mota a wannan yanki daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, kuma ka gwada ɗaura sarƙar sau ɗaya a gida, kada hannunka ya fara koyonta cikin duhu a gefen titi. Asabar ita ce ranar da masu hutun mako ke fita wasu ke shigowa, titin Albertville zuwa Moûtiers kan cushe, amma a kan dutse ita ce ranar da ta fi sauƙin jama'a. Idan kuna da zaɓi, ku iso daren Juma'a, ku yi zamiyarku ranar Asabar, ku koma Lahadi da hantsi.